Hanyar Da Ta Sha Tsintsiya

Gidan Umm Nazih shi ne na ƙarshe a ƙauyen, daga shi sai daji. Ta bayan katangarta wata 'yar hanya ta shige cikin itatuwan ballut. Duk shekara, da sanyi ya fara leƙowa ganye ya juye rawaya da ja, sai ka ga mutanen Tarabulus da Bairut suna ta tuɗaɗowa da wayoyinsu. Ita dai ba ta taɓa gane abin da suke ɗauka ba. Ganye a wurinta shimfiɗar awaki ne.

Ranar Alhamis jikarta Lujain ta bugo waya. Gobe za ta zo da saurayinta Ubada, da mahaifiyarsa, da ƙanwarsa Marwa mai ɗaukar hoto, a yi hotunan baiko a gindin katangar nan, inda ta koyi tafiya. Sai dai an ce jibi ruwa zai sauko, in kuwa ya sauko ganyen ya zama taɓo, sai kuma baɗi.

Umm Nazih ta leƙa baya, ta ga ganye har idon sawu. Wannan surukai za su taka? A koma birni a ce kakar amarya ƙazama ce? Gari na wayewa ta ɗaura ɗankwali ta ɗau tsintsiya. Mijinta Abu Nazih, yana kurɓar gahawa, ya ce ta bar wa iska aikinta. Ta ce iska ba ta da surukai. Ta share tun daga katanga har maɓuɓɓuga, ta ɗura a buhuna ta jingine bayan garke. Hanya ta fito tas, ko burodi ka yar sai ka ɗauka ka ci.

Da hantsi baƙi suka iso. Aka gaisa, aka sha gahawa. Lujain ta tattare doguwar rigarta ta zagaya baya, sai ta tsaya cak.

"Kaka, ina ganyen?"

"Wane ganye, 'yar nan? Ai gyara miki na yi."

Idon yarinya ya ciko. Marwa ce ta yi bayani a hankali, cewa ganyen nan na ƙasa shi suka biyo tun daga birni. Akwai wani wurin mai ganye can saman tudu, amma mahaifiyarsu gwiwa ba ta barin ta hawa. Umm Nazih ta ji kamar ta nutse.

"Tun muna da haƙora nake ce miki ki rage shara," in ji Abu Nazih.

"Kai dai sha gahawarka, tsoho."

Uwar ango ta yi dariya har da riƙe ciki, ta rantse cewa ita ma da ita ce, haka za ta yi. Nan Umm Nazih ta ɗan samu bakin magana. Ta ce to ai ba ƙonawa ta yi ba.

Ubada ya tuɓe kwat ya yi ta jidar buhuna, ana zazzagewa ana bazawa da ƙafa. Marwa ta duba ta ce ya kwanta da yawa, da ma a ce yana faɗowa daga sama. Wannan kuwa aikin Umm Nazih ne, wadda ta girma tana shiƙar alkama. Ta ɗauko babban tire ta cika da ganye, ta hau dutse, ta jira iska, ta sake shi kaɗan-kaɗan. Ganye ya riƙa saukowa a cikin hasken rana yana juyi, wani ya sauka a gashin Lujain, wani a kafaɗar ango. Yarinya ta manta da hawaye, tana ta dariya.

Da Marwa ta miƙo wa Umm Nazih wayar, ta daɗe tana kallo. Ga jikarta kamar an yi mata ruwan zinariya, ga kuma hannunta da tire ya leƙo ta gefe. Marwa ta ce za ta yanke hannun. Lujain ta ce kada a kuskura.

"Ashe haka yake," in ji tsohuwa.

Bayan la'asar baƙi suka tafi. Gajimare ya fara haɗuwa ta wajen teku, awaki kuma ba sa kwana kan jiƙaƙƙen ganye, don haka ta sake ɗauko tsintsiya. Ta kai bakin katanga, sai ta jingine ta, ta gyara ɗankwali, ta zauna a tsakiyar ganyen.

"Abu Nazih, zo da wayarka ka ɗauke ni hoto tukuna. Kuma ka janye yatsanka daga gaban abin."