Halin Halliru

Safara'u tana tankaɗen garin kunun mai jego a ƙofar ɗakinta sa'ad da inuwar ɗanta Sajo ta faɗo a kan faifan. Bai matso ba. Ya durƙusa daga gefen rumbu, ya gaishe ta yana duban ƙasa, ita kuma ta amsa tana duban gari, domin shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma na ƙarshe. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma saba doguwar magana da shi ba.

Ya ce gobe ne suna. Matarsa Rabi ta sami namiji bayan 'yan mata, ransa kuwa yana so ya mai da sunan mahaifinsa, Halliru. Amma liman ya tuna masa abin da kowa ya sani a ƙasar Gumel, cewa yaro yakan ɗebi wani abu daga halin mai sunansa. Shi kuwa bai san uban ba. Yana goye a bayan uwa sa'ad da Halliru ya bi ayarin kanwa ya yi arewa, tun kafin Turawa su zo su kakkafa turakun iyaka a bayan Maigatari, kuma labarin rasuwarsa kaɗai ya dawo gida.

Ya ce, "Inna, wane irin mutum ne? In halinsa abin gado ne, a sa. In ba haka ba, kada in ɗora wa yaro kayan da ba zai iya ba, sai a sa na baban Rabi. Da la'asar zan kai wa liman magana."

Ta ce ta ji. Ta rufe garin, ta ɗauki ƙwarya, ta nufi kasuwa neman kanwa da kayan yaji.

Bazara ce, rana ta take. Can gaba kawalwalniya ta shimfiɗa ruwan da babu shi, raƙuman mutanen Damagaram suna ratsa shi a hankali kamar ba sa taka ƙasa. Safara'u tana tafe tana lalube a cikin zuciyarta. Ta sami hannuwansa masu kaushi, ta sami gyaran muryarsa a zaure, ta sami ƙanshin kanwa a jikin rigarsa. Amma kalmar da za ta miƙa wa ɗanta, wadda za ta ɗauke mutumin gaba ɗaya, ita ce ta ƙi samuwa. In ta ce haƙuri sai wani abu a ƙirjinta ya ƙi yarda. In ta ce ƙunci sai ta ji kamar ta zalunci mamaci.

A rumfar masu kanwa ta tarar da Barau, tsohon dillali, wanda suka sha tafiya tare da mijinta. Bayan gaisuwa da barka da arziki, ta kewaya ta kewaya, sannan ta tambaye shi yadda ya san abokin tafiyarsa. Barau ya sa dariya har goron bakinsa ya bayyana. Ya ce mutum ne mai zafin nama, ba ƙiwa, ba tsoro, kuma mai riƙon amana. Sai dai taurin kai, in ya kafe a kan hanya ko raƙuma mai ɗa ta fi shi sauƙin juyawa. A zango kuwa, in ji shi, ba a yi mai barkwanci kamarsa ba, yakan sa ayari duka dariya har madugu ya tsawata.

Safara'u ta ce, "Barkwanci? Ni ban taɓa jin ya ƙyalƙyale ba."

"To, ai ke kika ɗaure masa baki, uwar gida. Mu dai a sake muka san shi."

Ta ɗauki kanwarta ta juyo, tana jin kamar an ba ta labarin mijin wata.

A gida ta iske Goggo A'i, yayar Halliru, wadda ta zo suna daga Ɗanzomo, tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar wankan jego. Ita ba ta jira an kewaya ba. Ta ce ƙanenta miskili ne tun yana tatata, mai zurfin ciki, in ya yi fushi ba ya faɗa, sai dai ya bar tuwo ya huce. Ba shi da rowa, ba shi da ƙeta, bai san hassada ba, hannunsa a buɗe har abin ya so ya zama wauta. Ta ƙara itace, ta ce, "Amma fa ba a sanin gabansa. Uwarmu ma ta mutu ba ta gama karanta shi ba."

Bayan azahar Safara'u ta kishingiɗa a gindin tsamiyar tsakar gida. Ganye yana motsi kaɗan kaɗan, haske yana yawo a kan zanenta, ba barci take ba, ba kuma ido biyu ba. Sai ga Halliru a idon zuciyarta, zaune a kan kifaffen turmi, kamar yadda ya saba da hantsi, lomar tuwo a hannu ta tsaya tsakanin akushi da baki, idonsa ya haye danga ya yi arewa. Takan kira shi, ya dawo a hankali kamar mai fitowa daga rijiya. In ta ce ina ya je, sai ya ce yana nan. Ranar da zai tafi bai yi mata sallama ba. Ta fito ta tarar ya cika randuna duka, ya ɗaure dangar da ta kwanta, ya bar mata sandarsa a jingine.

Wannan abu ta sa masa sunaye da yawa. A shekarar yunwa, da take dakan ƙaiƙayi, ta kira shi rashin tausayi. A shekarun da rumbu ya cika ta kira shi kawaici. Yanzu da ta tsufa ta rasa ko halinsa ne yake sauyawa, ko kuwa tata zuciyar.

Da inuwa ta karkata Sajo ya dawo ya durƙusa a wurinsa na safe. Safara'u ta tashi zaune, ta fuskanci gindin tsamiya, ta fara magana a hankali. Ta faɗi na Barau, ta faɗi na Goggo A'i, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta zo kan randuna da danga, sai ta ji shirun ya yi yawa. Ta saci kallon ɗanta. Hannunsa ya tsaya a kan hula, idonsa ya haye danga.

Ta ce, "Kai."

Ya dawo a hankali. "Ina nan, Inna."

Goggo A'i ta ajiye itacen da take iza wuta da shi. Ta ce, "Yau ga aiki. Kuna ta awon ko a buɗe wa hali ƙofa, ashe ya daɗe da shimfiɗa tabarma a gidan." Daga cikin ɗaki aka ji Rabi tana danne dariya.

Sajo bai gane ba. Ya dubi goggonsa, ya sake duban ƙasa, ya tambaya ko a sa, ko kada a sa.

Safara'u ta miƙa hannu biyu. Ta ce a miƙo mata jaririn. Goggo A'i ta ɗauko shi cikin tsumma, yana ƙanshin ruwan zafi da nono. Safara'u ta karɓe shi, ta daɗe tana dubansa, shi kuwa ya buɗe ido ya tsallake kafaɗarta da kallo.

Ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Ka daɗe a hanya. Randunan nan sun ƙafe tuni." Sannan ta juya wajen Goggo A'i. "Yaya, sai ku nemo masa laƙabi. Wannan ma bakina ba zai iya kiran sunansa ba."

Sajo ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, ya nufi gidan liman.