Saƙo Arba'in da Ɗaya

Saura kwana biyu Yaya ya karɓi makullin shagonsa, kuma Auta ta san ba da wasa yake ba. Aron wata shida ya ba ta don ta gwada ɗinkin labule, da sharaɗin in sana'ar ba ta kankama ba, zai ba wani mai aski da ya daɗe yana yi masa naci. Ita kuwa da bakinta ta ce ba ta bukatar allon talla a ƙofa, wai yanzu kasuwa ta koma cikin waya.

Shafin talla ta buɗe a intanet, kuma a gaskiya ba ta yi masa ƙiwa ba. Kullum hoto uku. Sai ta goge tayil, ta rataya labule, ta ɗauka ta hagu, ta ɗauka ta dama, sannan ta zauna ƙirga masu danna mata alamar so. Mabiyanta sun kai dubu huɗu, in tana ba da labarinsu sai ka rantse tare suka taso. Keken ɗinkin dai yana lulluɓe a kusurwa yana ta hutu.

Da safe Yaya ya leƙo, ko zama bai yi ba.

"Auta, mutum dubu huɗun nan naki, ko ɗaya ba shi da taga a gidansa?"

Ta yi dariyar yaƙe. Tsoro take ji sosai, kuma ba na rasa shagon kaɗai ba. Komawa gida ta zauna ana yi mata sannu, shi ya fi tayar mata da hankali.

Wajen hantsi wayar ta ƙi caji, ta garzaya da ita wurin maƙwabcinta mai gyara, wani dattijo mai gilashi a kan hanci. Ya zaƙulo dattin da ya toshe ramin cajin, ya kunna, shafin ya buɗe. Sai ya ɗago ya dube ta.

"Maƙwabciya, gaba kike da mutanen nan ne?"

"Waɗanne mutane, Baba?"

Ya nuna mata wani ɗan rubutu a saman akwatin saƙo, inda saƙon baƙi ke taruwa har sai an buɗe. Ita ba ta taɓa taɓa wurin ba. A tunaninta nata aikin saka hoto ne, mai saye kuma zai shigo da ƙafarsa.

Arba'in da ɗaya. A tsaye ta karanta. Nawa ne na falo? Kuna kaiwa gida? Ina shagon yake? Mutum tara ne suka yi wannan tambayar ta ƙarshe, sai lokacin ta tuna ko adireshi ba ta rubuta a shafin ba. Akwai wata mata da za ta buɗe masaukin baƙi mai ɗaki goma sha takwas, sau uku ta rubuto. Na ƙarshen, mako uku da suka wuce, ya ce: "Ina ganin hotunanki kullum, amma ba ki amsa. Na ba wani."

Auta ta koma shago da sauri, ta hau ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, tana ba da haƙuri, tana kuskuren rubutu tana gogewa. Ta kifa wayar, ta sake ɗagawa. Mutum biyu sun karanta, ba wanda ya tanka.

Sai ta ji sallama. Ta ɗauka mai saye ne, ta miƙe da murna har tana tuntuɓe da kujera. Mai askin ne, da abin awo a hannu, yana ta sunne kai.

"Ki yi haƙuri, Yayanki ne ya ce in auna bango saboda madubi."

Ta matsa masa. Ya auna, ya rubuta a tafin hannunsa, sannan ya tsaya yana shafa wani shuɗin labule, ya juya shi ya duba ɗinkin.

"Kai, ashe haka kika iya? Kullum nan nake wucewa, wallahi ban san sayarwa kike ba. In za ki kwashe kaya ki bar min wannan, ya dace da tagar nan. Nawa ne?"