Ranar da Aka Ciyar da Gansakuka

Kun sha wucewa ta ɗakin nan na ƙarshen baranda. Kun ga kwalabe jere cike da ruwa mai kama da na kududdufi, kuka yamutsa fuska kuka ƙara sauri. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi malamar da ke ciki me take yi. Suna kawai kuka iya laƙa mata: Uwar Kwaɗi.

To, da safiyar nan Uwar Kwaɗi tana tsaye bakin ƙofa, makulli a hannu, tana kallon ciki. Kwalabenta duk sun yi kore shar.

Wani zai ce abin murna ne. A wurinta kuwa bala'i ne, domin aikinta kacokan a kan yunwa ya tsaya. Gansakukar da take kiwo a kwalaben, in ta ƙoshi, ba abin da take yi sai ƙiba. Sai an cire mata sinadarin farar wuta daga abinci, an toshe kwalba ruf, an bar ta cikin haske har ta koɗe kamar mai jinya, sannan take fara fitar da iskar haidurojin: iskar da ke ci da wuta babu hayaƙi, babu toka. Makonni ta yi tana horar da su da yunwa. Kafin hutun ƙarshen mako ta bar su sun koɗe daidai, kumfa na bin tiyo zuwa tulun da take tara iskar.

Kuma yau ne kwamitin jami'a zai zo ya yanke hukunci: ko a bar mata ɗakin, ko a girke sabon janareta a ciki. Shirinta shi ne ta kunna musu wuta, ta tafasa ruwan shayi a gabansu. Ta ma gaya wa mahaifiyarta, wadda hayaƙin icce ya gama cinye wa ido, cewa yau za a gani.

Ta duba tulu. Wayam. An zare tiyo, an mayar da murafun kwalabe a karkace.

"Yaya kika ga aikina, 'yata?"

Farfesa ne, shugaban sashe, yana ta washe baki. Masanin ƙasar noma ne, shi ya koyar da ita, shi ya kawo ta aiki. A hannunsa akwai ledar takin zamani.

"Ranka ya daɗe... me ka zuba musu?"

"Ɗan taki mana! Na leƙo bayan kin tashi, na ga abin tausayi. Tun ba a haife ki ba nake kallon tsiro. In ya yi rawaya, yunwa ce, ba sai an kira boka ba. Manyan baƙi za su zo, mu nuna musu marasa lafiya?"

"Yunwar ita ce aikin, Farfesa. Takin nan cike yake da farar wuta. Na yi bayani a taron sashe, kana zaune a gaba!"

"Kin yi, kin yi. Da Turanci mai yawa." Ya gyara hula. "Ke dai ki ce na gode."

Ta buɗe baki, sai ga takun takalma a baranda.

Shugaban kwamiti ne ya fara shigowa, babban mutum mai ƙamshin turare, sauran na biye. Ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Kai! Ashe muna da irin wannan a nan? Dubi kore! Kamar a ƙasar waje."

"Yallaɓai," in ji ta, "wannan koren alamar lalacewa ce. An zuba musu..."

"Tawali'u gare ta," Farfesa ya tari numfashinta. "Haka take tun tana ɗaliba."

Aka yi dariya. Aka fito da wayoyi. Wani ya ce ta matsa gefe kaɗan, tana tare haske. Wata daga cikin kwamitin, wadda da alama ita kaɗai ta ji abin da aka zo gani, ta ce, "Na ɗauka wuta za a kunna mana?"

Uwar Kwaɗi ta san babu komai a tulu. Duk da haka ta murɗa kan murhun da ke haɗe da tulun, ta ƙyasta ashana, ta kara. So take su gani da idonsu. Ashanar ta ci har ta kai ga yatsunta, ta mutu.

"Bar wahalar da kanki, Malama," in ji Shugaba cikin raha. "Wuta ai mun sayi janareta."

Nan take, a tsaye, aka yanke hukunci. Ɗaki ya zama nata. Daga yau duk baƙon da ya zo jami'a nan za a fara kawo shi, ya ga yadda ake kula da muhalli. Sharaɗi ɗaya ne: kwalaben su kasance kore kamar yau, kullum. Janareta kuwa a girke shi a waje, jikin tagarta.

"Kin gani?" Farfesa ya raɗa mata da suka juya. "Da na bar ki da gawarwakin nan, da yanzu kina kwashe kaya."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, gaskiya ya faɗa.

Baƙi suka watse. Wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce. Ba ta ɗauka ba. Ta zaɓi 'yan kwalabe daga layin baya, ta tace su, ta wanke gansakukar tas daga takin, ta toshe, ta tura su bayan korayen, inda idon baƙo ba ya kaiwa. A waje ma'aikata sun fara auna inda za a zuba wa janareta siminti.

Wata rana ku ma za a kawo ku ɗakin nan, a nuna muku layin gaba. Kada ku ɗauki hoto. Ku ce a kunna muku wuta, kuma kada ku fita sai an kunna.