Kujerun Baba Alamu

Tun da matarsa ta rasu, ƙofar gidan Baba Alamu a Iseyin, can ƙasar Yarbawa, ta zama wurin wucewa. A gaishe shi daga tsaye, a yi gaba. Ya daɗe yana juya abin a ransa, har ya yanke cewa rashin wurin zama ne ke korar mutane.

Sai ya shiga bin juji. Tsohon ƙyaure ya zama tebur. A bayan rumfar mai sakwara ya tsinci turame da suka tsage. Ya kife su, ya goge, ya ɗora tsumma, ya lulluɓe da ragowar saƙi. Sannan ya aika wa tsohon abokinsa Lasisi ya zo su yi dara.

Lasisi ya zo da sandarsa. Har ya tattara riga zai zauna, hannunsa ya shafi gindin kujerar. Ya yi tsalle kamar yaro.

"Alamu, turmi ne! So kake aradu ta raba ni biyu?"

"Haba Alhaji, kai da ka je Makka?"

"Na je, na dawo. Shango mai aradu kuwa yana nan inda na bar shi. Kifaffen turmi mazauninsa ne."

"Turmin da ya daina daka, har yanzu turmi ne?"

"Kai da ka daina aure, ka zama mace?"

A tsaye Lasisi ya yi wasa ɗaya, gwiwa ta hana shi na biyu, ya tafi.

Washegari Baba Alamu ya kewaye turamen da katako, ya shafa shuɗin fenti. Ko mai sakwarar ba za ta gane kayanta ba.

Da la'asar Iya Morufu mai agidi ta sauke tirenta a ƙofar, tana haki.

"Baba, yau mun samu kujeru! Bari ƙafata ta huta, in ba ka labarin unguwa."

Ya dubi kujerar, ya dubi kumburarrun ƙafafunta. Shi bai yarda aradu na neman kowa ba. Amma ita ta yarda.

"Iya, dakata. Turmi ne a ciki."

Ta ja da baya, ta ɗauki tirenta.

"Allah ya saka, Baba. Sai na sake biyowa."

Ya zauna a kan ɗaya, yana sauraren tallarta har ta sha kwana.