Motar da Cediya Ta Riƙe

"Ku ba ni takalmina," in ji Baba Mai Hoto, yana ta kiciniyar sauko da ƙafafunsa daga gado, ƙafafun da suka koma kamar sillen kara.

Bakanike, maƙwabcinsa na jikin katanga, ya yi wuf ya tare shi. Ko hannu bai wanke ba. Salatin Inna, matar tsohon, ya jiyo daga garejinsa, ya sheƙo da baƙin mai har gwiwar hannu.

"Ina zuwa, Baba? Kai da ko kofi ba ka iya riƙewa?"

"Sake ni, Sarkin Guduma. Motata zan je in gani."

Inna ta share ido da gefen mayafi. "Ka ji ko? Tun da wancan mai dogon bakin ya zo dubiya, ya ce 'yan gwangwan sun shiga tsohuwar hanya suna kwashe duk wani ƙarfe, Malam bai runtsa ba. Likita ya riga ya faɗa mana gaskiya, mun kuma karɓa. Ni abin da nake roƙo kawai, ya tafi hankalinsa kwance."

Bakanike ya san motar, wa ma bai san ta ba a unguwar? Baba Mai Hoto ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon duniya da kyamara a wuya, bangon ɗakin nan kuwa shaida ne. Ga duwatsu, ga giwaye a bakin tafki, ga kwale-kwale a kife cikin yashi, ga takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar titi. Amma bangon da ke fuskantar gado na abu ɗaya ne kacal, wata tsohuwar bas da aka yasar a daji. A hoton farko, wani ɗan tsiron cediya ne ya leƙo daga ƙasan motar, bai kai gwiwa ba. Duk shekara in damina ta ɗauke sai tsohon ya koma ya tsaya a wuri ɗaya ya ɗauka, har bishiyar ta fito ta taga, har ta ɗaga rufin. Sau nawa Bakanike ya tsokane shi, "Baba, mutane na ɗaukar amare, kai kana ɗaukar gawar mota! Ba ni ita in fitar da kayan gyara mana." Yau kam ba ranar tsokana ba ce.

"Kwanta, Baba. Ni zan je in gano maka ita, in ɗauko ta a waya."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Kai? Hannun da bai san komai ba sai duka?" Ya yi tari mai tsawo, sannan ya kama masa riga. "To saurara. Akwai wani dutse mai kama da turmi, nan za ka tsaya. Kuma kada ka kuskura ka ɗauka da tsakar rana. Ranar tsaka kashe hoto take yi. Ka zauna ka jira ta yi sanyi, ta koma bayanka."

Washegari da sassafe Bakanike ya hau babur ya kama hanya. Da ya bar kwalta ya shiga tsohuwar hanya, sai ya rage gudu yana dube-dube. Mai dogon bakin bai yi ƙarya ba. Inda wata tankar mai ta shekara da shekaru a kwance, babu komai sai jan tabon tsatsa da ciyawa a kwance. Gaba kaɗan, inda ya san akwai mushen tarakta, ko kusa ɗaya ba su bari ba. Wallahi mutanen nan ko kaza ba ta kai su tsince-tsince ba.

Ya riƙa tafiya yana saƙa abin da zai faɗa. Ya ce tana nan, wayar ce ta mutu? Tsohon da ke gane ƙarya tun kafin ta fito daga baki? Ya ce an kwashe ta? Ai gara ya ɗauki gudumarsa ya buga masa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba a kan wata mota, mai rai ko matacciya.

Yana shan wata kwana sai ya hango cediyar, kore shar, ta yi rumfa. Ya yar da babur ɗin ko jingine shi bai yi ba, ya kutsa cikin ciyawa.

Tana nan!

Sun zo kam. Sun cire ƙofofi, sun kwashe kujeru, inji ma babu. Amma gangar jikin ta gagare su. Saiwoyi masu kaurin cinya sun naɗe ƙarfen ƙasa, sun shiga ta nan sun fita ta can, har ba a gane ina ƙarfe ya ƙare ina itace ya fara. Ya duƙa ya shafa inda suka sa zarto suka gaji suka bari. Wani damo na shan rana a kan rufin, ya ɗago kai ya dube shi kamar mai gida ya ga baƙo. Bakanike ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya shi kaɗai, hawaye na bin gemunsa.

Sai dai rana tana tsaka, inuwarsa ma a ƙarƙashin ƙafarsa take. Ya nemo dutsen mai kama da turmi, ya hau ya zauna zaman jira kamar yadda aka umarce shi. Hawan da ya yi ne ya sa wayar ta kama sabis, ta hau ruri. Matarsa ce.

"Baban yara, kana ina? Numfashinsa ya canza. In za ka zo, ka zo."

Ya dubi rana, ya dubi motar. "Ka yafe ni, Baba," ya ce, ya ɗaga waya ya danna. Ya gwada tura hoton gida, ya ƙi tafiya. Ya ɗaga babur ya ba shi wuta.

Da ya shigo layinsu ya ga maza zaune jugum a ƙofar gidan, sai ya ja birki ya sauka yana salati. Wani dattijo ya yi masa alama da hannu. "Shiga, shiga, da sauransa."

Tsohon na kwance ido a rufe, yatsunsa na ta yamutsa zanin gado. Bakanike ya durƙusa, ƙura har gira.

"Baba, ga motarka."

Idon ya buɗe a hankali. Inna ta sa masa tabarau, ta tallafo kansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago babban yatsansa, wanda Inna ta gama shafa wa mai, ya dangwala a kan gilashin wayar, daidai gindin bishiyar.

"Da tsakar rana ka ɗauka," ya ce.

"Eh, Baba."

"Kuma ga ɗan yatsanka nan a gefe. Kai dai an yi asarar waya."

Inna ta tuntsire da dariya tana kuka. Rabon da ta yi dariya har ta manta.

"Ta riƙe ta," in ji tsohon, muryar can ƙasa.

"Ta riƙe ta gam, Baba. Har zarto suka kawo, suka gaji suka tafi. Akwai ma damo a kan rufin."

"Ɗan haya ne. Na san kakansa." Ya lumshe ido. "Ba ni ruwa."

Ya sha, ya koma ya kwanta, hannuwansa suka saki zanin. Ba a jima ba sai ga minshari, siriri, irin na wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Inna ta zauna a bakin gado tana yi masa fifita. Can da yamma minsharin ya tsaya, ita ma ta tsayar da mahucin. Ta yi salati, ta rufe masa ido, ta juyo ta dubi Bakanike.

"Alhamdulillahi," ta ce. "A cikin barci. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Bayan an kai shi an dawo, Bakanike ya zauna a kan wata tsohuwar taya a garejinsa, jikinsa sakayau kamar an sauke masa kaya. Ya ciro waya zai kira mai wata mota ya ba shi haƙuri, sai ya ga tabon yatsa a kan gilashin, zagayayye, layukansa sun fito raɗau. Ya kamo bakin riga zai goge. Sai ya saki rigar, ya mayar da wayar aljihu a hankali.