Katangar Iya Ramatu

Bahago ya yi ƙarya, ƙaryar kuma ta karya wa tsohuwa ƙafa.

Magini ne, Kirista daga Wusasa, ɗan marigayi Jalo da ya shekara arba'in yana gyaran gidajen ƙasa a Limancin Kona. A unguwar ba kowane namiji ke wuce zaure ba, amma Jalo har cikin gida ake shiga da shi, don in ya ce gini ya yi, to ya yi. Wannan yardar kaɗai Bahago ya gada, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Ginin ƙasa sai da jira. In ka jera sahun tubali, sai ya bushe kafin ka ɗora wani. Shi kuwa Bahago ayyuka uku ya karɓa lokaci guda, wayarsa ba ta shiru.

"Maigida, addu'ar safe ma yanzu a kan babur kake yinta," in ji matarsa Mariyamu. "Ubangiji ne zai riƙa binka da gudu?"

Ranar da yake tayar da katangar Iya Ramatu a Limancin Kona, tsohuwar ta leƙo daga ɗaki.

"Ɗan Jalo, ya bushe kuwa? Ubanka kwana uku yake ba kowane sahu, yana zaune yana shanye mini kunu."

Bahago ya danna babban yatsa a jikin ginin, yatsan ya shige. Wayar ta sake ƙara, ana jiransa a Tukur-Tukur.

"Ya bushe, Iya."

Ruwan farko na damina ya kwantar da katangar, Iya tana gindinta tana kwashe shanya.

A asibiti ɗanta, Malam Nafi'u, ya dafa kafaɗar Bahago. "Kada ka damu, Bahago. Ruwan bana da ƙarfi ya zo."

Da Bahago ya yi shiru, da shi ke nan. Ran Lahadi aka tashi daga sujada a coci, kowa ya watse, shi ya kashe waya ya zauna a benci shi kaɗai. Rabon da ya zauna haka har ya manta. Ya buɗe baki zai yi addu'a, ba abin da yake gani sai gurbin yatsansa a ɗanyar ƙasa.

Washegari ya yi sallama a zauren Malam Nafi'u, ya tsuguna.

"Malam, ba ruwa ba ne. Ni ne. Na san bai bushe ba."

Malam ya miƙe. "Ka tayar mata da katangarta," ya ce, ya shige gida.

Mako uku ya yi yana ginin, sahu ɗaya ya jira, sahu ɗaya ya jira, yana zaune a inuwa da Littafi Mai Tsarki a cinya. Katangar ta tsaya. Iya ta dawo gida da sanda, ta aika masa da kunu, amma ba ta fito ba.

Da labari ya kai ga dattawan coci, suka hana shi cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na sujada, wata shida. A Limancin Kona kuwa ba a sake ba shi aiki ba.