Mai gadin injin Baba

Masu gyaran kayan lantarki suna da wata ɗabi'a, Allah wadaranta. A bakin da wuta ke shiga kowace na'ura akwai wani ɗan abu shuɗi, bai fi maɓallin riga ba, su "mai gadi" suke ce masa. Aikinsa ɗaya ne: in wuta ta yi tsalle, ya tare ta da ƙirji kafin ta kai ga ƙwaƙwalwar na'urar. In dukan ya yi yawa sai ya ƙone, ya tafi da fis. To, mai gyara sai ya sa filaya ya datse shi, ya canja fis, na'ura ta tashi, mai kaya ya yi ta sa albarka. Ba mai mayar da sabo.

Auta ma haka ya koya, haka yake yi a shagonsa, har furfura ta fara leƙo masa.

Da safiyar nan yayarsa ta kira shi. An yi tsawa da asuba, injin da ke tace wa Baba iskar shaƙa ya mutu. Ya tarar da tsohon jingine da bango, leɓɓansa sun yi duhu, robar hanci na rataye a banza.

"Injiniya," in ji Baba da ƙyar, "ga abokin hirata ya riga ni."

Abokin hira yake ce wa injin, don ban da gurnani, bayan kowane ɗan lokaci yakan saki iska, fuu, kamar ajiyar zuciya. Baba yakan ce gajiya da shi ya yi.

Auta ya kwance murfi. Mai gadi ya zama gawayi. Kafin ma ya yi tunani hannunsa ya riga ya datse shi, sabo turken wawa. Ya sa fis, ya jona. Injin ya yi gurnani, koriyar fitila ta kama, ya saki ajiyar zuciyarsa. Ba a jima ba fuskar Baba ta dawo.

"Shi ke nan?" in ji Yaya.

"Da saura. Yanzu ƙofa a buɗe take. In wuta ta yi tsalle, ba lallai ta ƙona komai ba, Yaya. Wani lokaci ƙwaƙwalwar kawai take rikitawa, ta sandare, ido a buɗe. Bari in samo sabo."

"Ni dai ka ga ina ganin kore, hankalina ya kwanta. Yi sauri."

Da ya fito ya tsaya wurin mai walda da ke jikin katangarsu, wanda in ya ɗana ƙarfe fitilun layin duk sai sun rusuna. Ya roƙe shi ya dakata da aiki har ya dawo. Mutumin ya kashe injinsa nan take, ya ce ko wuni ne zai jira, ai Baba na kowa ne.

A layin masu kayan gyara aka fara yi masa dariya.

"Mai gadi? Kai da kanka? Wa ke sayen wannan, ai datsewa ake yi."

Shago na gaba ma haka. Wani ya ce ya taɓa saro su, suka yi shekaru suna shan ƙura, ya zubar. Auta ya ji kamar ya shaƙe shi, amma da wane baki? Shi kansa bai taɓa zuwa neman ko ɗaya ba.

Ya koma shagonsa, ya zazzage buhun allunan cikin matattun na'urori a ƙasa. Ya ɗaga wannan, ya jefar, ya ɗaga wancan. Kowanne da 'yan ƙafafu biyu a tsaye inda mai gadi ya taɓa zama, yankan tsaf, yankan filayarsa. Tsoro ya kama shi sosai, gumi na ɗiga a kan allunan. Sai can ƙarƙashin tebur ya ga wata tsohuwar talabijin da ba a taɓa buɗewa ba. Ya fasa bayanta da guduma. Ga shi nan, shuɗi, lafiyayye. Ya narkar da dalma ya zare shi, ya damƙe a tafin hannu tun da zafinsa, ya hau babur.

Rana ta take sa'ad da ya iso. Mai walda na zaune a kan benci, hannu a naɗe, ya ɗaga masa kai: bai taɓa komai ba. Auta ya ji sanyi a ransa.

Yaya na shanya a tsakar gida.

"Ka sha wuya, Auta. Lafiya lau muke. Ɗazu dai wuta ta ɗan ƙifta, ta dawo da ƙarfi har fanka ta yi ƙara, amma injin ko gezau. Na leƙa, kore ne."

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Gurnanin na nan. Koriyar fitila na nan. Baba na kwance a gefensa, fuska ga bango, roba a hanci. Auta ya kasa kunne yana jiran fuu ɗin nan. Ya jira, bai zo ba. Injin na ta gurnani, yana tura iskar ɗaki yadda ya shaƙe ta, ba tacewa, ƙarar da ya kamata ta yi gargaɗi ma ta sandare tare da ƙwaƙwalwar.

Ya ƙara damƙe hannunsa. Ɗan abin shuɗin ya nutse masa a tafin hannu.

Yaya ta zo bayansa da bokiti, ta yi ƙasa da murya.

"In za ka sa, sa a hankali, kar ka tashe shi. Rabon da ya samu barci haka har na manta. Tun ɗazu ko tari bai yi ba."